Jakin Illa

A unguwarmu a Matameye, in wani ya yi maka wayo ya bar ka baki buɗe, sai a ce ya yi maka jakin Illa. Na san Illan. Manomin hatsi ne, da rani kuma yana kai wa fatake kaya Yauri da jakinsa guda ɗaya.

A shekarar 1953 aka zo tattara jakuna don jidar tsakuwar gyaran hanya. Illa ya kwaɓa daddawa da toka da ɗan jinin yanka, ya shafa wa nasa a gadon baya. Ƙudaje suka rufe wurin. Mai kakin da ya zo karɓa ya toshe hanci ya ce, "Fitar da wannan mushen daga nan." Sauran jakunan suka yi wata biyu, suka dawo a rame.

Matarsa Habi ce ta ba da labarin a bakin rijiya. Kafin kasuwa ta zagayo, maganar ta cika gari. Da farko shi ma yana dariya. Daga baya in ya kai hatsi kasuwa sai an zura hannu har gindin buhu. In ya ce Allah ya sani, sai a ce, "To, Malam Illa," ana murmushi.

Daminar 1957 kurkunu ya fito masa a ƙafa, daidai lokacin noman fari. Ya aika a roƙa masa gayya. Mutane suka ce so yake a nome masa gona yana kwance. Sai rana ta tara maƙwabcinsa Lawali ya leƙo, ya ga ƙafar ta kumbura kamar turmi.

"Ashe da gaske ne," in ji Lawali.

Illa ya ce, "Sau ɗaya na yi, Lawali. Sau ɗaya tak. Na gaji da rantsuwa."

Washegari Lawali ya tara mutum biyar, amma ciyawa ta riga ta shanye hatsin. Abin da aka girbe bai kai su tsakiyar rani ba.

Da ƙafar ta warke, shi da Habi suka koma Dungu wurin 'yarsu Rakiya. Can ya riƙa tufkar igiya a ƙofar gida, bai cika magana ba. Lawali ya je gaishe shi sau biyu, ya ce ya same shi yana ɗingishi, amma yana cin abinci.