Abin da Fanna Ta Bari a Buhun Irin Gyaɗa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha biyu ga Nuwamba, 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙawata Fanna Gana, 'yar fim ɗin nan da duniya ta sani, a hatsarin mota tsakanin Ɗanbatta da Kano. Ina cikin aji ina koyarwa aka leƙo ta taga aka ce in fito. Kafin la'asar an kai ta makwancinta a maƙabartar ƙauyenmu, Rijiyar Barebari, kusa da mahaifinta, Malam Gana. Shekarunta talatin da ɗaya.

Yau kwana ashirin ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni matsoraciya ce, Fanna, kuma babu wanda ya fi ki sani. Tun muna yara muna kalen gyaɗa a gonakin mutane, in kare ya taso ni ce ta farko a guje, ke kuwa sai ki tsaya ki riƙe ƙugu ki yi masa tsawa. Daga nan ki biyo ni kina dariya kina cewa, “Bafillatana baiwata, ko inuwarki tsoro take ba ki.” Ni kuma in ce ai Barebari ba jarumta ke tsayar da su ba, nauyin ƙafa ne. Har kika yi suna ba ki daina kirana baiwarki ba, kuma ban taɓa jin daɗin wani suna kamarsa ba.

Mutane sun san rawarki da kwalliyarki. Ba su san cewa bara, lokacin da kwanon gero ya gagari mai gida, wasu gidaje suka koma cin rama da ƙuli sau ɗaya a wuni, ke ce kika turo hatsi aka raba wa zawarawa da tsofaffi ba. Kin ce in faɗa musu wani bawan Allah ne. Ke da ba ki iya shan ruwa ba a ɗauke ki hoto ba, ranar ko waya ba ki yarda an ɗaga ba. Haka da ɗana ya kwanta ciwo, kin bar wurin aiki kin zo kin zauna da ni a barandar asibiti kwana biyu, fuskarki a rufe da niƙabi don kada a taru a kanki a hana mu sakat.

A daminar bana kika dawo gida a motar haya, domin kin sayar da taki. Kika zo da mai ɗaukar hoto guda ɗaya, kika ce za ki yi fim a kan rayuwarki, ke ce mai rubutawa, ke ce mai ba da umarni, ke ce kuma mai fitowa. Mahaifiyarki, Inna Falmata, wadda shekara goma sha biyu ba ta taɓa yarda ta kalli fim ɗinki ko ɗaya ba, ta ce ba da ita ba. Sai kika ɗaura mini zaninta kika ce ni ce Inna.

Ba zan manta ranar da muka yi ɗauka a gindin rumbunmu ba. Kika sa aka kawo ruwa a ƙwarya, kika zauna gaban kyamara kika wanke kwalliyar fuskarki tas. Ban taɓa ganin abin da man bilicin ya yi miki ba sai ranar. Kumatunki sun ƙone sun yi baƙi, jijiyoyi sun fito kore. Mai ɗaukar hoto ya kawar da kai, kika daka masa tsawa ya ci gaba. Sannan kika fara magana. Kika faɗi yadda wani babban mai shirya fim yake karɓar 'yan mata sababbin zuwa, ya tara hotunansu na sirri, duk wadda ta ce ta gaji ya nuna mata wayarsa. Kika faɗi ƙwayoyin da kike sha don ki yi barci, da waɗanda kike sha don ki farka. Ba ki ambaci sunansa ba. Amma wanda ya fito a matsayinsa kin koya masa yadda yake karkata hula, da yadda yake gyaran murya sau biyu kafin ya yi magana. Aikina a wurin shi ne in yi kuka, kuma ba sai da aka sa mini komai a ido ba.

Daga nan wayarki ta fara ƙara da lambobin da ba suna. Kina dubawa ki kife ta ki ci gaba da ɓarar gyaɗa. Ni ce nake kasa cin abinci.

Ranar Litinin, jajiberin rasuwarki, kika miƙo mini wani ɗan memori, bai fi farcen ɗan yatsa ba, a naɗe cikin ledar alewa. Kika ce, “Mairo, ga fim ɗin, kwafi ne. Ajiye mini. Ko yarinya ɗaya ya hana faɗawa inda na faɗa, na samu abin da zan nuna wa Ubangijina.” Na rasa inda zan sa shi, sai na tura shi cikin buhun irin gyaɗa, domin duk tsananin yunwar shekarun nan ba mai kwance buhun iri kafin ruwa ya sauka.

Washegari aka kawo gawarki. An kawo wayarki da takalminki, har da ɗan kunnenki guda ɗaya. Jakar da kwamfutarki take ciki ce kawai ba a gani ba. Mai ɗaukar hoton nan kuma tun ranar wayarsa a kashe take. Ban ce wani ya yi wani abu ba. Ajali idan ya yi kira ko babu ciwo sai an tafi, kuma wannan hanya ta ci mutanen da ba su da abokin gaba. Na dai faɗi abin da aka kawo da abin da ba a kawo ba.

Ranar sadakar uku yayanki Kolo ya miƙe a ƙofar gida, ya roƙi jama'a don girman Allah duk mai hotonki ko bidiyonki ya goge, kada a riƙa kallo ana ƙara miki nauyi a kabari. Ba ƙiyayya ta sa shi ba, ƙauna ce. Na ga matasa suna gogewa suna share hawaye. Ni ma na goge na wayata. Da ya shigo cikin gida ya ce, “Mairo, babu wani abu nata a wurinki?” Na dubi ƙasa na ce babu.

Ranar bakwai kuma wata baƙar mota ta tsaya a bakin masallaci. Mai ita ya yi addu'a mai tsawo, ya sauke buhunan shinkafa, sannan ya nemi a kira masa malamar makarantar da ta fito a fim ɗin marigayiya. Na fito soro na durƙusa. Ya karkata hula, ya yi gyaran murya sau biyu. Nan take na gane ko wane ne. Ya ce, “Malama Mairo, in akwai ragowar aikinta a ba ni in ƙarasa mata, sadaka ce. Yaya jikin yaron naki?” Ban taɓa ganinsa ba, ban san inda ya san ɗana ba.

Tun ranar nake tsakanin tsoro biyu. In na bar fim ɗin ya fita, ina tsoron mutumin nan, ina kuma tsoron a ce da hannuna na ƙara miki azaba. In na jefa shi a murhu, na binne gaskiya guda ɗaya da kika samu kika faɗa da bakinki, shi kuma gobe ya karɓi 'yar wani. Na kasa yanke hukunci, domin kayan ba nawa ba ne.

Shekaranjiya da safe na kwance buhun, na je wurin Inna Falmata, na faɗa mata komai. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, “Shekara goma sha biyu kowa yana kallonta ban da ni. Kunna.” Na sa a wayata na riƙe mata. Da aka zo wurin wanke fuska sai ta kai yatsa ta shafa gilashin wayar. Ba ta yi kuka ba har aka gama. Ta ce, “Waccan da suke gogewa ban san ta ba. Wannan ita ce wadda na haifa.” Ta sa na ciro memorin, ta ƙulle shi a haɓar zaninta, ƙulli biyu. Ta ce, “In na gama kukana za a nuna wa mata a tsakar gidan nan. Mai so ya zo ya kwance da hannunsa.”

Yaya Kolo, ka ji yanzu, na yi maka ƙarya ranar uku, ka yafe mini. Mai baƙar mota, kai ma ka ji inda fim ɗin yake. Har gobe in na ji ƙarar mota a bayan makaranta sai na duba inda ɗana yake. Amma na sa sunana a ƙasa, Fanna. Karen ya taso, baiwarki ba ta gudu ba.

Ya Allah, Ka san niyyarta fiye da yadda muka san fuskarta. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa wannan aiki ya zame mata sadaka mai gudana. In kuwa akwai laifi a ajiye shi, ita ta riga ta tafi, ni na ajiye, Ka rubuta a kaina kada Ka rubuta a kanta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Falmata da Yaya Kolo da dukkan zuriyar Malam Gana. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsare tsohuwar nan da abin da ke haɓar zaninta, Ya kyautata namu zuwan. Amin.

Mairo Sama'ilu,
Rijiyar Barebari, ta Ɗanbatta.