Kunyar Ɗan Fari

Mode dillalin albasa ne a Danchadi, mutum mai tsumulmular magana kamar da awo ake ba shi ita. Shekara ashirin da biyu ɗansa Kamal bai taɓa jin sunansa a bakin uban ba, saboda kunyar ɗan fari. "Wancan" kawai yake ce masa.

Kullen korona ya rutsa da Kamal a Ikko, inda ya kai albasa. Ga hanya a rufe, ga zazzaɓi ya kwantar da shi. Da zaman jiran waya ya ishi Mode, sai ya shiga cikin 'yan koyon gurmi da ke taruwa gindin darbejiya, mutum biyar da ko akuya ba ta tsayawa sauraren kiɗansu. Dokarsu ɗaya ce: kowa ya wasa wani da sunansa.

"Baba Mode, wa kaka wasawa?" in ji shugabansu, Mijinyawa tela.

"Wancan."

"Wancan wa? Gurmi bai san wancan ba!"

Ran Laraba suna zaune aka kira daga Ikko. Aka ce jiki ya yi tsanani, an kara wa Kamal waya a kunne, ana so uban ya yi masa magana. Mode ya dubi mutane, mutane suka dube shi. Ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya ce, "Ku ce ma wancan shi daure shi ci abinci."

Kafin la'asar aka sake kira. A can aka binne shi. Bayan sadakar bakwai Mode ya aika wa Mijinyawa gurmin, ya ce a ba mai baki.