Takwarata da Ƙaton Gogenta

Shekara uku 'yata tana ɓoye mini cewa jikata makaɗiya ce. Ban yafe ba tukuna, ita ma ta sani.

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da ƙanena da ya raka ni Abuja in hau jirgi. Abincin jirgi ba gishiri ba yaji, na rufe musu abinsu na ciro ƙuli-ƙulina. 'Yata ta tarye ni a London da rigar sanyi mai nauyin bargo, muka wuce flat ɗinsu a Plumstead, hawa na uku a wani gidan bene. Unguwar cike take da 'yan Najeriya, amma kowa sauri yake, ko sallama sai kin bi mutum da ita.

Jikar nan takwarata ce, shekararta ashirin da biyu. Tana jin Hausa, amsawa ce sai da Turanci. Kwana goma muna gida ɗaya, hirarmu ba ta wuce "Kaka, tea?" ba. Don ita na zo, ga shi saura mako guda in koma ban san ko wace ce ba.

Sun manta na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara hamsin. A bayan ƙofar ɗakinta na ga an manna takarda, na bi haruffan da yatsa. Sunana ne, wato nata, ga Lahadi ƙarfe uku, ga sunan unguwa, Camberwell. Ga kuma hotonta rungume da wani ƙaton goge da ya fi ta tsayi. Na tari 'yata da maganar, na ce wasan nan sai na je.

"Inna, ba wajenki ba ne," in ji 'yata. "Kuma sai an yi booking, an kama kujera tun da wuri."

"To yi. Ko in tafi ni kaɗai, ai na iya karanta lambar bas."

Ran Lahadi ni da 'yata muka hau bas mai bene, ta bi Old Kent Road tana tafiya tana tsayawa kamar mai ciwon ƙafa. Na sha kallo: coci a cikin sito, doya a yanke ana aunawa a sikeli, wani shago har da ƙore a rataye a bakin ƙofa.

A Camberwell muka shiga zauren da ake wasan. Kiɗan sunansa rokabili. 'Yata ta ce na kakannin Turawa ne tun zamanin garmaho, yaran yanzu suka tono shi. Su huɗu ne a dandamali. Mazan sun shafe gashi da mai sun tayar da shi kamar zankon zakara. A fili kuwa tsofaffi ne sa'o'ina ke rawa, wata har ta jingine sandarta ta shiga.

Sai na dubi takwarata. Gogen a tsaye yake, ba ta sa masa izga ba. Fizgo tsirkiyar take yi, ta mare ta da tafin hannu har ta bugi katakon. Dum, tas-tas. Dum, tas-tas. Ban ankara ba na ji hannuna yana amsa mata a kan jakata.

Ni 'yar kiɗan ƙwarya ce. Kafin aure, a gidajen suna ni ke riƙe babbar ƙwarya, wadda ake kifewa a buga da hannu. Dangin mijina suka ce su ba gidan maroƙa ba ne, na ajiye. Abin haushi, da bakina na riƙa gaya wa 'ya'yana kiɗa ba na mutanen kirki ba ne, har suka yarda. Mu biyar ne muke yi, uku sun rasu, ba wadda aka naɗi muryarta. A zauren nan na ji su duka, har mai ba da waƙarmu da ke tari kafin ta fara. Na ja gyale na rufe fuska.

Da aka tashi takwarata ta hango ni, ta taho.

"Kaka, kin yi fushi?" Ba ta taɓa yi mini Hausa mai tsawon wannan ba.

"Na yi mana, takwara. A waƙa ta uku kin yi gaggawa, kin bar mai ganga a baya."

Ta saki baki. 'Yata ta ce, "Inna, ke ina kika san wannan?"

A bas na gaya musu, muna hanyar gida. Abin da tafiyar nan ta nuna mini ke nan: ɓoyon da nake jin haushin 'yata a kai, a wajena ta koya.

Washegari na fita ni kaɗai, na karanta lambar bas da kaina, na sauka a shagon nan mai ƙore. Na ƙwanƙwasa ƙwarya bakwai kafin in sami biyu masu murya. Na dawo na kife su a ƙofar ɗakin takwarata, na zauna a ƙasa.

"Takwara, fito da gogen nan. Zan gyara miki waƙa ta uku."