Kular Mista Ofori

Akwai ranar da har yau ban manta da ita ba, ranar sadakar uku ta yayana Yakubu. Ku sababbin yaran shago ba ku same shi ba. Shi ya buɗe shagon nan na unguwar Gurugu, shi ya koya mini kula da tankin ruwan gishiri, na gilashi, da ake kiwon murjanin teku a ciki don ado a gidajen masu hali.

A cikin murjanin da muke kula da shi, wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne calis. Kamar faranti yake, mai launi, da ƙananan bakuna a jikinsa. Dabba ce mai rai, ko da yake ido dutse yake gani. Ba ya son haske mai ƙarfi, ba ya son zafi, ruwan famfo kuwa guba ne gare shi. Ga mu a Tamale a watan Maris, ga ɗaukewar wuta.

Mista Ofori ɗan kwangila ne daga kudu, yana zaune a unguwar Dungu. Yana da calis ɗaya mai ja da kore, wanda yake nuna wa baƙi kafin ya nuna musu 'ya'yansa. Mun sha gaya masa ya bar fitilar tankin yadda muka saita. Da mun fita sai ya ƙara, don hoto ya yi kyau.

Ranar sadakar, ina zaune a tabarma tare da masu gaisuwa sai ga motarsa. Ya fito sanye da baƙar riga, rungume da kula. Na ji daɗi a raina, na ce ashe mutumin yana da kirki. Goggo Ramatu, ƙanwar mahaifinmu, ta tarbe shi tun daga ƙofa, ta karɓi kular, ta sa masa albarka, ta shige ciki inda ake tara abincin makoki.

Ya zauna ya ce, "Sannu da haƙuri. Allah ya ba, Allah ya ɗauka." Sai ya matso kusa da kunnena, ya kira ni Massa, wato oga, yadda ake kiran juna a nan. "Massa, abin nan ya yi fari. Idan ka samu minti biyu, duba shi."

Na ce, "Wane abu?"

Ya ce, "Yana cikin kula."

Na miƙe ba takalmi. Na tarar Goggo ta zubar da ruwan a kwata, ta sa calis a roba ƙarƙashin famfo, tana neman soso.

Ta ce, "Kai Sule, wannan wane irin nama ne? Ƙarni kamar me! Mutanen kudu ba sa dafa abu kafin su kai gidan mutuwa?"

Na janye robar daga ƙarƙashin famfon. Ruwan gishiri ɗaya ne a gidan, jarkar da Yakubu ya haɗa da hannunsa kafin ya kwanta ciwo. Tana ɗakinsa, ɗakin da na kasa shiga tun da aka fitar da shi. Na shiga, na ɗauko, na juye. Ana addu'a a waje, ni ina durƙushe a kan roba ina kaɗa ruwa da yatsa.

Rabin calis ɗin ya mutu, rabi ya rayu. Bayan wata guda na mayar da shi Dungu. Mista Ofori ya zagaya tankin, ya ƙirga bakunan da suka rage, ya yi tsaki, sannan ya dafa kafaɗata.

Ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Yakubu. Ɗan'uwanka da ya rasu bai iya aiki kamar kai ba."

Na ce, "Na gode, Massa." Na rage masa fitilar, na fito.

Abin da zan gaya muku ke nan game da sana'ar nan. Ku riƙe halittar da ke cikin tanki da amana, domin ba ita ta kawo kanta Tamale ba. Mai gidan kuwa lambar wayarku ya sani. Kada ku ɓata rai kuna jiran ya san sunanku.