Gurbin da Nana Aisha Ta Bari

Nana Aisha jikar fataken goro ce. Kakanninta sun sauke kaya a Djougou suka ƙi tashi, ita kuwa aure da aiki suka kawo ta Parakou, inda ta yi shekara ashirin da shida tana buga takardu a ofishin wata makaranta. Da ta ajiye aiki, mutanen unguwar Guéma sun zaci za ta kafa teburin ƙuli-ƙuli a ƙofar gida kamar sauran tsararrakinta. Ina! Tsohuwar kwamfuta ta saya, ta shiga sahun masu rubuta kundin ilimin nan na intanet da Hausa, wanda kowa ke iya sa hannu ya gyara.

Ba ta cika rubuta dogon bayani ba. Aikinta ɗan layin nan ne da ke zama a saman shafi yana cewa: wannan shafi na wane ne, in takwaransa kake nema duba can. Samfuri suke ce masa, wato tsari guda mai gurabe, a cike sunaye layin ya bayyana. Ta san amfaninsa, don a danginsu kowane jika sunan kakansa yake ci. Ka tsaya a ƙofar masallaci a Djougou ka kira Ishaƙu, sai mutum bakwai sun waiwayo. Ita da hannunta ta gyara samfurin yadda in an bar gurbi babu suna, layin ba zai fito ba sam, don ta tsani ganin abu rabi da rabi. Tana ji da wannan dabarar, tana ba da labarinta ko ba a tambaye ta ba.

Abu ɗaya ne boko bai raba ta da shi ba: kunyar ɗan fari. Shekara talatin da huɗu sunan Abdulrashid bai taɓa fita daga bakinta ba, Ladan take ce masa. Ya girma ya zama malamin Alƙur'ani a Djougou, ya ci musabaƙa, wani ya buɗe masa shafi har da hoto. Kwatsam sai aka buɗe shafin wani Abdulrashid Ishaƙu daban, mutumin can arewa da ake zargi da kai wa 'yan bindiga abinci da mai a daji, ana nemansa ruwa a jallo. Nana Aisha ta san wannan aikinta ne. Ta liƙa samfurin, ta cike komai, da ta zo gurbin sunan ɗanta sai yatsunta suka ƙi. Ta ce gobe ta roƙi wani ya rubuta mata. Layin bai fito ba, kamar yadda ta koya masa, babu kuma abin da ya tuna mata. Goben nan ta zama wata biyu.

Wata ranar Talata da hantsi, tana tsince shinkafa, surukarta Shakira, matar Ladan, ta kira daga Djougou.

"Inna, kin ga abin da ke yawo a waya? Hoton Malam ne, an ce shi ne wanda ake nema. Yara biyar kaɗai suka zo karatu yau. Yanzu wasu maza biyu suka tafi, a kan babur, suna tambayar ina yake."

"Ina yake?"

"Ya tafi Bariénou walimar sauka tun da safe. Wayarsa ba ta shiga."

Nana Aisha ta buɗe kwamfuta. Tarihin gyaran shafin ya gaya mata komai. Wani marubuci mai kyakkyawar niyya ya ga shafi biyu da suna ɗaya, babu sanarwar da ta raba su, ya zaci mutum ɗaya ne aka rubuta sau biyu, ya haɗe su. Ga fuskar ɗanta da farar hularsa yana murmushi, ƙarƙashinta kuma maganar 'yan bindiga. Tsoro ya kama ta. Ta san yadda ƙasar take yanzu, ta san ba kowane mai fushi ke tsayawa tambaya ba.

Ta danna gyara, sai ta tarar an kulle shafin saboda yawan masu taɓa shi. Masu kula da kundin kaɗai ke iya buɗewa. Ta kira Hachimou, ɗaya daga cikinsu, ya ɗauki wayar yana tsakiyar kasuwa.

"Maman, doucement, a hankali, ban gane ba. Wane ne naki a ciki?"

"Mai hoton. Ɗana ne, Ladan."

"Babu Ladan a shafin. Ki ba ni cikakken sunansa har na kakansa, da shekarar haihuwa, in raba su tout de suite, yanzu-yanzu."

Ta duba tsakar gida, babu kowa sai kaji. Ta faɗa: Abdulrashid Ishaƙu Labaran. Bakinta ya ji sunan kamar na baƙo. Kafin azahar shafi ya koma biyu, layin ya fito a saman kowanne, tsaf. Amma hoton da aka riga aka ɗauka yana can yana tafiya daga waya zuwa waya, shi kam babu mai kulle shi.

Ta yi ta kira. Sau ashirin, sau talatin, wayar na ce mata ba a samunsa. Shinkafar na nan a faifai, kaji sun far mata, ko kora ba ta yi ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a layin gidansu sai ta miƙe, ta ɗauka mai kawo mugun labari ne. Ta yi sallar la'asar ba ta san raka'a nawa ta yi ba.

Gab da magariba wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Inna, ni ne. Lafiyata ƙalau. Samari sun taso mini saboda hoton, limamin garin ya shigar da ni ɗakinsa, ya fita ya yi musu rantsuwa ya san ni tun ina yaro. Sun ce kada in koma gida tukuna. Zan wuce Pélébina wurin Kawu."

Hawaye suka zubo mata.

"Inna, ke kin san aikin nan ciki da waje," ya ce a hankali. "Ki duba mini. Wane ne ya yi mini haka? Me na yi masa?"

Sunan wanda ya haɗe shafukan na nan a gabanta, ƙarara, kuma da ta karanta masa da ya yarda. Ta share fuskarta da bakin zane.

"Ni ce," in ji ta.