Cokalin da Ya Zama Sifana

Ƙanin matata, wanda duk unguwa ke kira Mai Faci, ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran keke a wata rumfar kwano da ke jingine da bangon gidan waya. Bai wuce aji uku ba. Ni kuwa ina kiransa Auta, kamar yadda yayarsa ke kiransa, shi kuma sai ya ce mini Mijin Yaya, ko Sarkin Boko idan tsiya ta motsa.

Ina da wani alƙalami mai shan tawada, baƙi, da zoben zinariya biyu a murfi. Shugabar makarantar mishan ce ta ba ni shi ranar da muka gama, saboda kyawun rubutu. Ana murɗa gindinsa ne, wani ɗan abu a ciki ya zuƙo tawada. Da shi na rubuta wa matata wasiƙar farko. Bayan shekara hamsin da biyu sai gindin ya ƙage.

Na kai wa mai gyaran agogo, na kai wa mai gyaran tabarau. Kowannensu ya kama shi da filaya ya murɗa hagu, yadda ake kwance kowane noti, kowanne kuma ya bar masa tabo. Na ƙarshen ya nuna mini wata tsaga siririya kamar gashi, ya ce murɗawa ɗaya ta rage ya dare gida biyu.

Ran nan Auta ya zo gaishe da yayarsa, ya tarar da ni na zura wa alƙalamin ido.

"Mijin Yaya, wa ya rasu?"

Na faɗa masa. Ya goge hannu a wando ya miƙo.

"Auta, wannan ba sarƙar keke ba ce."

"To, masu farin hannun sun gyara?"

Na ba shi. Ya ɗaga shi a hasken taga, ya juya, ya sa a kunne ya girgiza, sai ya fashe da dariya.

"Ai famfo ne! Yaya, zo ki ga abin da ya hana mijinki cin abinci. Famfon keke ne ɗan mitsitsi!"

Ya nuna mini wata 'yar rata tsakanin gindin da jikin, inda ƙarfe ke da gefe biyu a shafe. Nan sifana ya kamata ta kama, in ji shi, sai dai duk akwatinsa babu mai sirantar da za ta shiga. Idonsa ya faɗa kan cokalin shayin da ke kofina. Ya zare shi, ya lashe, ya jefa aljihu.

"Auta! Cikin shida ne!" yayarsa ta biyo shi da ihu.

"Yanzu biyar ne, Yaya."

Kwana uku ina zuwa rumfar tun da hantsi. Ya guntule bakin cokalin, ya danne mariƙin a jikin benci, ya yi ta bin sa da magagari har ya koma kamar farce. Sannan ya yanka masa baki. Ba shi da ma'auni. Sai ya danna gindin alƙalamin a jikin sabulu, ya riƙa gwada ƙarfen da shatin da ya fito. Masu kawo faci suna jira, yana cewa su je su dawo, yau likita yana tiyata.

A rana ta uku sifanar ta shige ratar cif, har da 'yar ƙara. Na miƙe tsaye ban sani ba.

Ya taɓa ta hagu kaɗan, ya tsaya. Ya rufe ido. Sai na ga yatsunsa sun nufi dama.

"Auta, ɗaurewa kake yi! Za ka fasa!"

"Sarkin Boko, ka taɓa kwance fedar hagu?"

"Ban taɓa ba."

"To zauna. Fedar hagu a juye ake kwance ta. Duk wanda ya murɗa ta hagu ƙara ɗaure ta yake yi. Wannan ma da na taɓa shi hagu na ji ya cije. Malamanka biyu ɗaure shi suka yi ta yi."

"In kuma ba haka ba ne?"

"Sai ka saki Yaya, mu koma da ita gida."

Na kasa dariya. Na riƙe ginshiƙin rumfar. Ya murɗa dama a hankali, ina kallon tsagar nan ba ƙiftawa. Sai ƙyas, gindin ya saki, ya fito lafiya lau a tafin hannunsa mai baƙin mai.

Ni da ban taɓa ɗaga murya a titi ba, na yi kururuwar da ta fito da ma'aikacin gidan waya da hatimi a hannu.

Robar da ke zuƙo tawadar ta bushe kamar ƙashi. Ya yanko sabuwa daga tsohuwar robar taya, ya lalata huɗu, ta biyar ta zauna. Ya liƙe tsagar. Muka tsoma bakin a kwalbar tawada, ya murɗa, shuɗi ya hau ciki tamkar ranar da aka ba ni shi.

Labari ya bazu wajen tsofaffin malamai da akawuna, suka riƙa kawo masa alƙalumansu gyara. Kafin ya ajiye aiki, akwai gwangwani guda a rumfarsa cike da kayan da ya ƙera: tsinken tura bakin alƙalami daga wayar laima, matsi daga robar birki, ƙugiya daga allurar ɗinkin buhu. Cokulan matata kuwa sun koma uku.

A ranar dai, na yagi bayan kwalin faci na ce ya fara gwadawa. Ya riƙe alƙalamin kamar sukudireba, ya ja layi ɗaya karkatacce.

"Kai, yana tafiya kamar sabon keke a gangara," ya ce. "Karɓi abinka, Mijin Yaya. Ka rubuta wa Yaya wasiƙar ban haƙuri kan cokalinta."

Na rubuta, shafi biyu. Tana nan a akwatinta tare da ta farko.