Ajin Masu Batir Biyu

Kawuna, ƙanen Inna, yana da wata 'yar rediyo mai batir biyu da ya ɗaure bayanta da robar taya. A farkon shekarun tamanin, lokacin da na koma Gummi ina koyarwa, kullum bayan la'asar zai rataya ta a kafaɗa ya nufi teburin mai shayi da ke bakin hanyar gulbi. Can majalisarmu take, kuma kusan kowa da tasa rediyon yake zuwa.

Duk shekara idan an gama yankan shinkafa sai mu yi gasa. Mai shayi zai ɗora buta a wuta, mutum ya dinga murɗa rediyonsa yana neman tashoshi har ruwan ya tafasa. Duk tashar da ta fito fes, har muka gane ko wane yare ake yi, sai a jefa masa tsakuwa a kwano. Wanda tsakuwarsa ta fi yawa shi ke ɗaukar ƙullin goro.

Goron nan kuwa mutum ɗaya ke cin sa. Alhaji ne, mai sayen shinkafa, taubashin Kawu. Ya zo da wata ƙatuwar rediyo daga Makka mai cin batir takwas, eriyarta ta kai tsawon sandar makiyayi. Ita ke kamo Larabawa da Indiyawa da wasu mutane masu magana ta hanci. Ta Kawu kuma, in ta kamo tashar jiha da ta Nijar, sai ta koma shuu kamar ana soya ƙosai. Shi ne na ƙarshe kowace shekara. Alhaji ya sa wa rediyon suna Gyare, kuma ba ya barin zancen sai wata gasar ta zagayo. Kawu yakan rama, ya ce ai adakar amarya Alhaji ke ɗauka yana yawo da ita. Amma ni abin yana yi mini ciwo. Ina son dattijon nan, ba na jin daɗin ganin ana dariyarsa a gaban 'ya'yan cikinsa.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Da damina, wata rana Kawu bai fito ba, mai shayi ya kawo shawara. Shi tsohon ɗan kokawa ne, ya ce a fage ba a haɗa ƙato da yaro, kowa da sa'ansa yake karawa. Saboda haka a raba rediyoyin aji uku: masu batir takwas, masu huɗu, da masu biyu, kowane aji da goronsa. Muka yi na'am nan take. A ajin masu biyu akwai Kawu da wasu Fulani uku da ke zuwa shan shayi ranar kasuwa, kuma mun san ta Kawu ta fi nasu lafiya. Har Alhaji ya yarda.

Abin da duk muka manta shi ne lokacin gasar. Kafin a gama yankan shinkafa Fulanin sun kaɗa shanunsu sun yi kudu, ta wajen dazukan Bukkuyum, da rediyoyinsu a rataye. Ranar gasa ajin masu batir biyu mutum ɗaya ne a cikinsa.

Aka yi ta manya, Alhaji ya ci. Aka yi tamu ta masu huɗu, malamin gona da aka turo daga Anka ya ka da ni. Da aka zo kan Kawu, mai shayi ya ce ba sai an wahalar da buta ba, tunda ba abokin karawa. Ya miƙa masa goro da hannu biyu, muka tafa. Alhaji ma ya yi masa barka cikin ladabi, ko sunan Gyare bai ambata ba.

Kawu bai karɓa ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wanga abu da kunka yi mini, mi na na? Wa nik ka da?"

Mai shayi ya shiga bayanin kokawa da sa'a. Kawu ya bar shi har ya gama, sannan ya nuna Alhaji da haɓa.

"Sa'ana ga shi nan zaune. Tare anka yi muna kaciya. Yau shi ka yi mini barka kamar baƙo."

Duk muka sunkuyar da kai. Alhaji ne ya fara motsi. Ya zubar da tsakuwar da ke kwanonsa, ya ajiye goronsa a kan tebur, ya ce wa mai shayi ya sake cika buta, ajin manya bai ƙare ba, akwai wanda bai shiga ba.

Kawu ya zauna a tsakiyar masu batir takwas, ya ɗora 'yar rediyonsa a gwiwa, ya manna kunne yana murɗawa. Tashar jiha ta fito, ta Nijar ta fito, daga nan sai shuu har buta ta tafasa. Alhaji ya ɗauki kwanon Kawu ya girgiza a kunnensa, ya tambaya ko tsakuwar ce ta tsiyaye ta ƙasa. Ya ce gobe zai aiko wa Gyare da ɗanyen haki ta ci ta yi ƙarfi. Majalisa ta tuntsire da dariya, Kawu ya fi kowa, har yana share ido da bakin rawani.

A hanyar gida na ce masa mun so ne ya ci ko sau ɗaya. Ya gyara ratayar rediyonsa, ya ce, "Na sani, ɗana. Amma ran da Alhaji yab bar tsokana ta, ku tabbata ɗayanmu ya mutu."